Tagar Kanti da Bangon Titi: Nazarin Hotunan Eugène Atget da Magadansa

A shekarar 1925 wani dattijo mai shekara 68 ya kafa na'urarsa ta ɗaukar hoto a gaban tagar wani kantin tufafin maza da ke titin Gobelins a birnin Paris. A bayan gilashin akwai mutum-mutumi irin waɗanda ake sanya wa kaya don talla, sun sha kwat da taye, fuskokinsu na murmushin da ba ya gushewa, kowane da takardar farashi maƙale a jikinsa. A kan gilashin kuwa, daidai saman kawunansu, inuwar ɗaya tsallaken titin ta sauka: itatuwa, da sararin sama, da wani katafaren gini. Ginin shi ne masaƙar Gobelins, wadda aka mayar ta gidan sarauta a 1662, zamanin sarki Louis na 14, inda ake saƙa dardumomin bango da hannu, ɗaya ta kan ci shekaru kafin a gama ta. Ke nan a cikin hoto guda, masaƙar sarakuna ta kwanta bisa rigunan da inji ya ɗinka wa akawu da ɗan kasuwa. Sunan dattijon Eugène Atget, kuma bayan shekara biyu ya rasu.

Tun daga lokacin masana suke gardama a kan wannan hoto da ƴan'uwansa. Tambayar da ake ta juyawa ita ce: shin Atget ya nufi inuwar ta shiga, ko kuwa kasa kore ta ya yi? Tambayar tana da nauyi fiye da yadda take a baki, domin amsarta ita ke nuna ko mutum zai kira shi mai fasaha, ko kuwa ɗan kwadagon da sa'a ta faɗo wa. Haka nan kuma ta shafi duk wanda yau yake ɗaga wayar salula yana ɗaukar tagar kanti ko bayan motar haya.

Kafin a shiga gardamar, ya kamata a san mutumin. An haifi Atget a Libourne a 1857, ya tashi maraya, ya yi aikin jirgin ruwa, ya yi wasan kwaikwayo a ƙananan dandamali ba tare da ya yi suna ba, ya taɓa zane bai ci nasara ba. Sai da ya haura talatin ya kama ɗaukar hoto, ya rataya allo a ƙofarsa da ke cewa yana sayar wa masu zane hotunan da za su yi aiki da su. Daga wajen 1898 ya duƙufa ga tsohon Paris, wato unguwannin da suka tsira daga rusau ɗin Haussmann na tsakanin 1853 da 1870, waɗanda kuma aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa da sababbin gine-gine suke ci gaba da cinyewa. Masu sayen kayansa su ne ɗakunan karatu da gidajen tarihi, irin su Bibliothèque nationale da Carnavalet, da magina, da maƙera masu neman samfurin ƙyaure ko ƙarfen baranda. Ya bar hotuna sama da 8,000. A 1920 ya sayar wa hukumar Faransa faranti sama da 2,600 a kan faran 10,000 na kuɗin wancan zamani. Kayan aikinsa ko a lokacin sun tsufa: akwatin katako bisa ƙafa uku, baƙin mayafi da yake rufe kai da shi, da farantan gilashi masu faɗin santimita 18 da tsawon 24, duka yana saɓa su a kafaɗa tun da asuba.

Masu cewa inuwar kuskure ce suna da hujjar da ba a raina ta. Gilashi kan mayar da kimanin kashi 8 cikin 100 na hasken da ya dokar masa kai tsaye. Idan titi ya fi cikin kanti haske, kamar yadda yake kowace safiya, wannan ɗan kason ya isa ya danne abin da ke ciki, taga ta zama rabin madubi. Matacin hasken da masu ɗaukar hoto suke ɗaurawa a bakin na'ura don kashe irin wannan inuwa bai yaɗu a kasuwa ba sai a shekarun 1930, bayan aikin Edwin Land, lokacin Atget yana kabari. Saboda haka, in ji su, mutumin taga ya je ɗauka, titi ya kutsa masa, shi kuwa bai damu ba domin abokin cinikinsa ba zai damu ba. Suna ƙarawa da cewa sakacinsa sananne ne: kusurwoyin sama na hotunansa da yawa baƙaƙe ne, wani lokaci har alamar maƙallan da suka riƙe faranti ana gani a gefe.

Sai dai wannan hujja ta manta da yadda ake aiki da irin na'urarsa. Wanda ya shiga ƙarƙashin baƙin mayafi yana ganin hoton gaba ɗaya a kan gilashin baya, a kife, tun kafin ya sa faranti, kuma yana da lokacin da zai dube shi kusurwa-kusurwa. Babu abin da zai shiga bai gani ba. Da ya ƙi inuwar, taku biyu zuwa hagu ko dama, ko dawowa da wani lokaci na yini, sun isa su rage ta. Mutumin da ya shekara kusan talatin yana ɗaukar ƙofofi da tagogi ya san wannan kamar yadda magini ya san ƙasar da za ta riƙe azara. Bugu da ƙari, a titin Gobelins taga fiye da ɗaya ya ɗauka, ta maza da ta mata da ta yara, kuma a cikinsu ginin yana komowa yana zama inda ido zai same shi. Abin da aka maimaita da irin wannan natsuwa ya wuce a kira shi tuntuɓe.

To amma a nan ne ɗaya ɓangaren ya zarce gona da iri. Man Ray, Ba'amurken mai fasaha da yake zaune titi ɗaya da Atget a Montparnasse, wato Campagne-Première, ya sayi hotunansa kusan arba'in ko fiye, ya kai wa abokansa ƴan ƙungiyar siriyalis, masu neman mafarki da abin al'ajabi a cikin rayuwar yau da kullum. A watan Yuni na 1926 mujallarsu La Révolution surréaliste, fitowa ta 7, ta sa hoton Atget a bangonta: taron jama'a a dandalin Bastille suna ɗaga kai suna kallon husufin rana na 1912. Mujallar ta ba shi wani suna nata mai nuni da tuba, ta mayar da masu kallon husufi tamkar masu jiran wahayi. A ciki kuma ta buga tagar wani kantin rigunan matse ƙugu na mata da ke titin Strasbourg. Babu sunan Atget a ko'ina. Man Ray ya ba da labari daga baya cewa dattijon ne da kansa ya hana, yana mai cewa abin da yake yi shaidu ne kawai. Ya kamata a lura cewa daga bakin Man Ray kaɗai aka ji wannan magana, kuma ta yi masa daidai ƙwarai, domin ta ba shi matsayin wanda ya tsinci zinariya a hannun wanda bai san darajarta ba.

Karatun ƴan siriyalis yana da daɗi, shi ya sa ya daɗe. Mutum-mutumi marasa rai suna murmushi, gine-gine suna yawo cikin gilashi kamar aljannu, riga ɗaya a ƙofar kantin titin Strasbourg iska ta kaɗa ta har ta zama hazo a cikin hoton. Amma wanda ya tsaya a nan ya ɗauki romo ya bar nama. Idan aka cire takardun farashi daga hoton Gobelins, aka mance sunan ginin da ke cikin gilashin, abin da zai rage shi ne ɗan wasan haske wanda kowa zai iya yi. Ƙarfin hoton yana cikin cewa kowane abu da ke ciki yana da suna da adireshi da shekara. Taga ita ce wuri ɗaya tak a titi inda tsallake biyu suke haɗuwa a shafi guda, abin da ke gaban mai ɗauka da abin da ke bayansa. Atget, wanda sana'arsa ita ce tara shaida a kan birni, ya samu hanyar da faranti ɗaya zai ɗauki shaidar biyu. Ba sai an kira shi mai mafarki ba kafin a yarda ya san abin da yake yi. Walter Benjamin ya fi kusa da gaskiya da ya kawo, a 1931, kwatancen hotunan nan da irin waɗanda ake ɗauka a wurin da aka aikata laifi, inda ba a barin komai domin ba a san abin da alƙali zai nema gobe ba.

Akwai wani hoto da ya girmi na Gobelins da shekara 17, wanda ya fi shi tayar da hankali: ƙofar wata mashaya mai suna Au Tambour a bakin kogin Seine, 1908. Mutum biyu suna leƙowa daga ciki ta gilashin ƙofar. Fuskokinsu sun cakuɗe da itatuwan bakin kogi, kuma a tsakiyar gilashin ga inuwar ƙafafun na'urar da mayafinta. Mai kallo ba ya iya rabe inda jikin na ciki ya ƙare da inda na waje ya fara. Wannan hoto ya fallasa abin da sauran hotunan titi suke ɓoyewa, wato cewa akwai wani tsaye yana kallo, kuma waɗanda ake kallo su ma suna kallonsa. Ba'amurke Lee Friedlander ya gina littafi sukutum a kan wannan, Self Portrait na 1970, inda inuwarsa take faɗa wa tagogi da madubin mota da bayan masu wucewa. Gwanintarsa ba ta da shakka. Amma a wurinsa mai ɗaukar hoton ya zama jarumin labari, titi ya koma dandamalinsa, alhali a ƙofar Au Tambour na'urar ta shiga ne kamar yadda itace ya shiga, don tana wurin.

Maganar bango daban take da ta taga, ko da yake asalinsu ɗaya. Dokar ƴancin buga jarida ta 29 ga Yuli 1881 ta sakar wa masu liƙa takardu mara a Faransa, ita ce kuma dokar da ake rubuta kwanan watanta a jikin gine-ginen da aka hana liƙe, abin da duk wanda ya ratsa biranen ƙasar ya gani. Bangayen da Atget ya ɗauka cike suke da tallar sabulu da giya da gidajen wasa, musamman a gidajen da aka yanke wa hukuncin rushewa, domin bangon da mai shi ya fid da rai da shi ne kowa ke liƙa wa abin da ya so. Bai taɓa matsowa ya yanko talla ita kaɗai ba. Yakan ja baya har a ga ginin, da kwalbatin gabansa, da lungun da ke gefensa. Ƙaramar takarda mai ɗanko a bayanta, wadda ake kira sitika, ba ta zo ba sai bayan 1935, lokacin da Stanton Avery ya ƙirƙiro ta a Amurka, amma matsalar da ta jefa mai ɗaukar hoto a ciki ita ce dai ta takardar da ake shafa wa koko: abin da ake ɗauka wani ne ya yi shi. To ina hannun mai hoto a ciki?

Amsa biyu aka bayar a Paris, kuma ba su yi daidai da juna a daraja ba. Brassaï, ɗan asalin Hangare, ya fara ɗaukar zane-zanen da ake ƙwaƙulewa a bango tun farkon shekarun 1930, aka baje su a New York a 1956, suka fito a littafi mai suna Graffiti a 1960. Hanyarsa ita ce matsowa kusa-kusa, ya jira hasken da zai zo ta gefe, har ramuka biyu da tsaga ɗaya su zama fuska mai ban tsoro. Hotunan suna da kyau matuƙa, kuma a nan aibinsu yake. Ya kwatanta su da zanen kogunan mutanen farko, ya raba su da unguwa da zamani, yaron da ya riƙe ƙusa ya ɓace a cikin wani “ɗan Adam” na ko'ina wanda ba shi da gida. Jacques Villeglé da Raymond Hains kuwa, tun 1949, sun ɓamɓaro yagaggun tallace-tallacen ne daga bango suka manna a ƙyalle. Villeglé, wanda ya rasu a 2022, ya dage cewa masu wucewar da suka yaga takardun su ne masu aikin, ya ba su suna ɗaya na gayya, wato mayagin da ba a san shi ba, sa'an nan ya riƙa sa wa kowane aiki sunan titin da ya ciro shi da kwanan wata. Ana iya yi masa ba'a cewa kuɗin sayarwa aljihunsa ya shiga, mayagin bai ga ko dala ba, kuma ba'ar tana da gaskiya. Duk da haka adireshin da ya riƙe ya sa aikinsa yana amsa tambaya: wa ake zaɓe a wannan wata, wane fim ake nunawa, fuskar wa aka fi yagewa.

Fuskar wa aka fi yagewa: wannan ita ce irin tambayar da ta sa hoton sitika ya cancanci ɓata faranti. Sitika ɗaya talla ce, mai ita ya riga ya faɗi abin da zai faɗa, ɗaukar ta kwafi ne kawai. Abin da mai ita bai faɗa ba shi ne wanda aka liƙa a kanta, da wanda rana ta kodar, da wanda aka kankare da farce aka bar rabin ido. Wannan jerin ba wanda ya tsara shi, kuma ba ya kwana biyu a yadda yake.

Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram ba ya bukatar a kai shi Paris kafin ya gane zancen. Gilashin bayan taksi a Yamai, da tankin kabu-kabu, da ƙyauren teburin mai shayi, duka shafuka ne: hoton shehi kusa da na ɗan kokowa, tambarin ƙungiyar ƙwallon Turai kusa da addu'ar neman tsari, ɗan wasan fim na Kano bisa ragowar ɗan takarar da ya faɗi zaɓe. Tun bayan taron ƙasa na 1991 da zaɓuɓɓukan 1993, kowane yaƙin neman zaɓe yana barin ɓawonsa a jikin turakun lantarki, na baya yana rufe na gaba. Tarihin hoto na wannan yanki kuwa, wanda bikin Bamako ya fito da shi ga duniya tun 1994, kusan duka tarihin fuska ne. Seydou Keïta da Malick Sidibé a Mali, da Philippe Koudjina wanda ya ɗauki dararen Yamai na shekarun 1960 da 1970, mutane suka ɗauka, domin mutum ne yake biyan kuɗin hotonsa, bango ba ya biya. Ba laifinsu ba ne, kuma abin da suka bari taska ce. Amma sakamakon shi ne an san irin ɗinkin da samari suka sa a wancan zamani fiye da yadda aka san abin da ke rubuce a allunan babbar kasuwar Yamai kafin gobarar 1982. Atget ya sami ɗakunan karatu masu sayen hoton ƙyaure da na lungu, kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru. Ba don su ba da ya koma ɗaukar angwaye.

Yau da na'ura take cikin aljihun kowane ɗalibi, tsadar faranti ta kau, kuma tare da ita dalilin tsayawa a yi tunani ya kau. Hotunan taga da na sitika sun cika intanet, mafi yawansu a kan hanyar Brassaï: a matso, a yanke, a ƙara launi, a samu wani abu mai kama da zanen zamani, ba suna ba gari. Irin wannan ba ya da wuya, domin gilashi da kansa yake haɗa abubuwa, kuma duk abin da aka haɗa ba zato yakan yi kama da hikima. Abin da zai raba na ƙwarai da na banza shi ne a tambayi me tsallaken nan yake gaya wa wancan. Idan masallaci ya sauka a kan tagar banki, ko mai tura ruwa ya gitta ta cikin tagar kantin firji, akwai magana. Idan itace ne kawai ya sauka a kan takalmi, to itace ne da takalmi. Akwai kuma haƙƙin wanda inuwarsa ta shiga bai sani ba, domin gilashi yana ba mai hoto damar ya juya wa mutum baya yana ɗaukar sa. Mutanen ƙofar Au Tambour aƙalla sun ga na'urar, sun tsaya mata. Dogon lokacin da farantin Atget yake bukata ya sa masu wucewa da sauri sukan narke su zama hayaƙi ko su ɓace gaba ɗaya, na'urar yau kuwa ba ta barin kowa ya tsere.

Berenice Abbott, wadda ta yi aiki a ƙarƙashin Man Ray, ta shawo kan dattijon ya zauna ta ɗauke shi hoto a 1927. Ya zo cikin babbar kwat, a duƙe. Da ta kai masa hotunan sai ta tarar ya rasu a ranar 4 ga Agusta. A 1928 ta sayi abin da ya rage a ɗakinsa, ta tafi da shi New York, ta riƙe shi shekara arba'in tana neman wanda zai karɓa, har gidan fasahar zamani na birnin ya saya a 1968. A can hoton Gobelins ya shiga firam, aka rataye shi a bayan wani gilashin, inda masu ziyara suke matsawa gefe kaɗan don inuwarsu ta sauka daga kan takardun farashin.